Wa Ya Sa wa Abba Gashi?

"Umma, wa ya sa wa Abba gashi?"

Da ƙarfi ta yi tambayar, a tsakiyar ɗakin taron unguwarmu, daidai lokacin da mai gabatarwa ya roƙi jama'a su yi shiru. Kawuna suka juyo. Wata mata a bayana ta toshe baki da gefen mayafi. Mijina, wanda kansa ya yi sallama da gashi tun kafin a ɗaura mana aure, yana tsaye riƙe da jaririnmu. Sai ya kai hannu ya shafa tsakiyar kansa, wai ko an yi wani abin al'ajabi bai sani ba.

Ni ban yi dariya ba. Idona yana kan bango, inda aka manna wani zane tsaf-tsaf, an rubuta sunan 'yata a ƙasansa da rubutu mai lanƙwasa. Sunan dai nata ne, amma zanen ko kusa ba nata ba ne.

Shekararta shida. Kurciya muke ce mata, don tun tana goye muryarta ƙasa-ƙasa take. Tana da i'ina. A gida takan lallaɓa ta kai ƙarshen maganarta, saboda mun koyi jira. A makaranta ba mai jira. Tun da 'yan ajinsu suka fara kwaikwayonta ta kulle bakinta a waje, sai ɗaga kai da girgiza kai. Labarin makaranta a takarda nake samunsa. Ranar da ta zana yarinya ita kaɗai a bakin taga, sauran yara can sun cure a kusurwa, ban tambaye ta komai ba, washegari na je na ga malamarsu. Fensir ne bakin yarinyar nan.

Shi ya sa da na ga sanarwa a ƙofar kantin magani, cewa kwamitin unguwa zai yi baje kolin zanen yara ranar Asabar da la'asar, ƙofa a buɗe ga kowa, kuma kowane yaro ya zana mutanen gidansu, na ce ga dama ta samu. Ko sau ɗaya ne, mutane su ga abin da ta iya kafin su ji abin da ke ba ta wuya.

Kwana biyar ta yi a kansa, rub da ciki a tsakiyar falo, harshe a waje. Ta zana ubanta da kai rawaya, zagayayye kamar rana, har da 'yan layukan haske a gefe. Yatsunsa bakwai-bakwai, wai don hannunsa babba ne. Kyanwarmu ta fito shuɗiya, saboda baƙin fensir ya ƙare. Ni kuwa hannu huɗu ta yi min: ɗaya da jariri, ɗaya da ludayi, ɗaya da waya, na huɗun riƙe da nata hannun. Da na gani sai da na shiga kicin na ɗan tsaya a gaban famfo. Shekara bakwai a gidan nan, ba wanda ya taɓa ƙirga min su sai ita.

Na sa zanen tsakanin kwali biyu, na zura a leda, na kai wa yayar mijina da hannuna, don ita ce shugabar kwamitin. Ita ce ma shugabar kwamitin shara, da na gyaran kwata, da na tarbar baƙi. In aka kafa kwamiti a unguwar nan ba ita a ciki, to ba a kafa ba.

"Yaya, don Allah kar ya lanƙwashe. Kuma kar ruwa ya taɓa shi."

"Oh ni, amarya!" Har yau amarya take ce min, da 'ya'yana biyu. "Takarda ce fa, ba ƙwai ba. Ajiye can a kan sauran."

Ranar Asabar mun iso da rabin awa kafin lokaci, muka tarar da ƙofa a kulle, wai maigadi ya tafi aron kujeru da makulli a aljihu. Da aka buɗe, sai ga ɗakin nan dogo kamar sito, kujerun roba a jere, fanka huɗu a sama, ɗaya ce kawai take juyi, ita ma da kuka. Kurciya ta sa rigarta mai aljihu, ta rungumo jakar fensiranta, don ta ɗauka za a ce ta zana wani abu a gaban mutane. Tun daga ƙofa take leƙe-leƙe tana neman nata. Sunanta ta fara ganewa, sannan ta ɗaga ido ta ga wani mutum mai baƙin gashi luf-luf, an raba shi a gefe.

Bayan tambayar tata ne na bi bangon da kallo sosai. Zane talatin da huɗu, duk a kan farin kwali iri ɗaya, duk da jan layi a gefe. Iyaye maza talatin da huɗu, gashin bakinsu iri ɗaya. Iyaye mata duk sun harɗe hannu suna murmushi, ba mai aikin fari bare na baƙi. Kyanwa ɗaya ce ta zagaye gidajen gaba ɗaya, ruwan ƙasa, ta naɗe wutsiya. A namu, ni ma an yanke min hannu biyu.

Kurciya ta ja gefen rigata. Wannan karon muryar ta koma inda ta saba.

"U-umma... na-nawa ba shi da kyau ne?"

"Naki ya fi kowanne kyau. Tsaya wajen Abba, ina zuwa."

Mijina ya riƙo hannuna. "Ki bari a tashi tukuna. Yaya ce fa."

"Na san Yaya ce."

"Ni kuma, in za a faɗi gaskiya, gashin nan ya karɓe ni."

Na kalle shi. Ya sake ni.

A gefen dandamali na sami Yaya tana jera kwalaben lemo, an maƙala mata wani ƙaton fure na ƙyalle a kafaɗa. Kusa da ita ga mai fentin unguwa, wanda ke rubuta wa shaguna allunan talla. Ya sha sabuwar riga, amma fenti na nan a ƙarƙashin faratansa.

"Yaya, ina zanen Kurciya?"

"Ba ga shi can ba? Na uku daga taga. Ke ko sannu da aiki babu?"

"Wancan ba nata ba ne."

"Nata ne mana, ɗan gyara aka yi." Ta ajiye kwalba, ta rage murya. "Amarya, kin ga abin da yaran nan suka kawo kuwa? Wani ya zana uwarsa tana jifan ubansa da takalmi. Wata ta zana kakarta, haƙora a cikin kofi. Kin san wa muka gayyato? Tsohuwar shugabar makaranta, da mutanen unguwa uku. So kike a tafi da mu a baki? Naku ma fa, ƙanena da kai kamar ƙwan lantarki, ke kuma hannuwa kamar gizo-gizo. Asiri muka rufa muku."

Mai fenti ya matso, fuskarsa cike da fara'a. "Hajiya, ke ce mai shuɗiyar kyanwa? Kwana uku ban buɗe shago ba. Ɗaya bayan ɗaya na bi su, na sake su a sabon kwali. Ai na ce wa shugaba, yarinyar nan tana da hannu, sai dai ba ta san ma'aunin jiki ba. Yatsu bakwai! Na mayar mata biyar."

Abin da ya fi ƙona min rai, ba mugunta ko ɗaya a idonsa. Da mugu ne da na san abin da zan faɗa masa. Wannan kuwa godiya yake jira.

"To na ainihin fa? Waɗanda yaran suka yi da hannunsu?"

Suka kalli juna.

"Tambayi maigadi," in ji Yaya. "Kuma ki bi ta gefe, an fara jawabi."

Maigadi na zaune a bakin ƙofa, tsoho mai tarin makullai a ƙugu.

"Baba, sannu da aiki. Takardun yaran nan da aka fara kawowa, suna ina?"

"Masu dattin nan? Ai cewa aka yi an gama da su. Har na ɗauka zan kai bola, sai na ga zafi ya taso, fanka ta ƙi. Na ce ba a zubar da abu mai amfani, 'yata. Na raba wa manyan baƙi."

Ya yi nuni da haɓa. Na juya.

Sahu biyu na gaba, kowa yana fifita. A gaban fuskar wani mai tumbi, koriyar rana tana kai da komo. Wata dattijuwa tana kaɗa wa kanta iska da uwa mai jifa da takalmi, idonta a lumshe, tana sauraron jawabi a kan muhimmancin ƙarfafa wa yara gwiwa.

Na durƙusa na shiga sahun, ina jan gwiwa tsakanin ƙafafun mutane.

"Sannu Baba, ara min maficinka in gani. Na gode. Sannu Mama, in duba naki?"

"Ke 'yar kwamiti ce? A kawo mana ruwa mana, tun ɗazu muke nan."

"Yanzu za a kawo. Juya min takardar in gani."

Na duba ashirin da wani abu. Na ga kaka da haƙoranta, na ga wani uba kwance a doguwar kujera, waya a kan cikinsa, na ga gidan da aka zana shi duk hayaƙi. Wasu sun jiƙe da gumi, wasu an yi lissafi a bayansu. Ban ga kai mai haske ba.

Ina cikin haka aka fara sanar da sakamako. Alƙalai uku aka ɗauko, har da tsohuwar shugabar makarantar, sun kwashe awa guda suna zagaya bango da biro, suna gyaɗa kai, suna gardama a kan wanda ya fi. Mutum ɗaya ya yi gasa da kansa, ya zo na ɗaya, ya zo na biyu, ya zo na uku. Da aka kira yarinyar da ta ci, ta kafe a kujera.

"Ba ni na yi ba," in ji ta. "Mu ba mu da kyanwa."

Uwarta ta dungure mata ƙeya. "Tashi ki karɓo, shashasha! Ana ba ki kina tone-tone."

Aka yi tafi. Na koma wajen maigadi, gwiwoyina duk ƙura.

"Baba, akwai saura?"

Ya yi tunani, ya sosa gemu. "Sai dai wanda na sa wa tebur. Babban teburin can, ƙafa ɗaya gajeriya ce, shekara nawa ina faɗa ba a gyara ba. Na zaɓi mai kauri, wani da aka sa tsakanin kwali biyu har da leda. Mai shi ya iya tanadi, Allah ya yi masa albarka. Ninki biyu na yi masa, tebur ya zauna daram."

Wato kulawar da na yi ce ta ja masa. Da na miƙa shi tsirara kamar na kowa, da yanzu yana hannun wani yana shan iska.

Teburin yana kan dandamali, an lulluɓe shi da farin ƙyalle har ƙasa. A kansa ga tulun gilashi cike da ruwa, ga takardun yabo a jere, ga makirfo. Tsohuwar shugabar makarantar ta miƙe tana nata jawabin, Yaya ta zauna a damanta tana gyaɗa kai a kowace gaɓa. Na ce wa kaina, ki yi haƙuri, saura minti ashirin a watse, ki zare shi ba wanda ya sani. Ni ba mai son a kalle ni ba ce. Ko a biki, bayan ƙofa nake zama.

Sai na waiwaya. Kurciya ta cire jakar fensiranta daga wuya, ta tura ta ƙarƙashin kujera da ƙafa, can ciki, yadda take yi wa maganin da ba ta so. Ta zauna ta zuba wa zanen bangon ido. Na san kallon nan. Irinsa ta yi a makon da ta daina magana a aji. Minti ashirin ya ishe ta ta gama yarda cewa wancan ne daidai, nata ne kuskure.

Na hau dandamali ta gefe, na durƙusa, na ɗaga ƙyallen. Ga shi nan a ƙarƙashin ƙafar baya, ledata da kwalina. Na ja, ya ƙi. Mai gabatarwa yana tsaye kusa, ya saki baki.

"Malam, ɗaga min nan."

Don mamaki, ya ɗaga. Na zare. Ya saki.

Teburin ya tuna da gajeriyar ƙafarsa. Tulun ya taho a hankali, kamar mai neman izini, ya bi ta kan takardun yabo ya juye a cinyar Yaya. Makirfo ya faɗi ya yi wata ƙara da ta tashi jaririna daga barci. Ɗakin ya yi tsit, sai kukan fanka da na yaron.

Tsohuwar ta dube ni ta saman tabarau. "Yarinya, lafiya?"

"Lafiya lau, Mama. Zanen 'yata na ɗauka."

Ban san makirfon yana kwance a gaban bakina ba. Har na bakin ƙofa sun ji.

"Zanen 'yarki? Na bangon fa?"

"Na wancan bawan Allah ne. Duk talatin da huɗun."

Ta dubi bango, ta dubi mai fenti, ta dubi takardar da ita kanta take fifita da ita tun ɗazu. Ta buɗe ta a hankali, ta daɗe tana kallo.

"To ni," in ji ta, "wa na ba maki?"

Yara kuwa sun riga sun gane. Kamar an buɗe keji, suka yi sahun gaba. "Nawa ne! Baba ba ni, nawa ne!" Mai tumbi ya ɗaga hannu sama kamar an zo kama shi. Wata mata ta riga kowa isa ga zanen takalmi, ta fizge, ta ninke, ta zauna a kansa, ta ce ita ba ta ga komai ba. Kakar nan mai haƙora a kofi kuwa ta karɓi nata tana dariya har da hawaye, hannu a baki.

Ni na sauka na buɗe ledar. Ruwa bai taɓa shi ba, wannan kam na yi nasara. Amma ninkin ya ratsa ta tsakiya, ya ɗan yage a gefe, kuma ƙafar tebur ta bar zagayayyen tambari a cikin kyanwa. Na shafe shi da tafin hannu a kan cinyata. A jakata ba a rasa filastar ciwo. Na ciro huɗu, na manna zanen a bango, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin mai shi. Kafin in juya, mata sun yi layi suna roƙon filasta. Da filastar ta ƙare aka koma allurar mayafi, wani uba har da cingam.

Kurciya ta zo ta tsaya a gabansa, hannu a aljihu. Sai ga wata 'yar ajinsu, ɗaya daga cikin masu kwaikwayon nata, na gane ta da kitson. Ta leƙa ta kafaɗarta.

"Me ya sa mamanki take da hannu huɗu?"

"Sa... sa-sa..."

Na cije leɓe don kar in ƙarasa mata. Na shiga ƙirga tayil ɗin ƙasa. Na kai tara.

"Sa-saboda aiki."

Yarinyar ta ƙara kallo. "Tawa ma," in ji ta, ta ruga neman nata.

A can kusurwa mai fenti yana cire kwalayensa ɗaya-ɗaya, yana jera su a hammata. Na je wajensa, don ban so ya tafi haka ba.

"Malam, ka yi haƙuri da yadda abin ya zo."

"Ni taimako na yi, Hajiya."

"Na sani."

"Kwana uku."

"Na sani, wallahi."

Yaya ce ta raba mu, tana matse gefen rigarta, furen kafaɗarta ya langaɓe.

"Amarya, kin kyauta. A gaban unguwa uku. Allah ya saka."

"Yaya, na ce miki kar ya lanƙwashe."

"Au, ni kike wa tuni? Kai kuma," ta juya ga ƙanenta, "kana tsaye kana dariya kamar ba matarka ba!"

"Wallahi Yaya tari ne," in ji shi, ya ɓoye fuska a bayan jariri.

Mako uku Yaya ba ta amsa gaisuwata ba. Ta kuma cire ni daga zauren saƙonnin kwamiti na waya, wanda dama ban roƙi a sa ni ba. Duk wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya dame ni yana cikin gidana. Jakar fensiran ni na ciro ta daga ƙarƙashin kujera na kawo gida, kuma kwana goma sha ɗaya tana rataye a ƙusa ba a taɓa ta ba. Kullum da safe nakan ajiye farar takarda a kan teburin falo, ba na cewa komai, da yamma in ɗauke ta fara. A rana ta goma sha biyu na fito daga wanka na tarar da Kurciya rub da ciki, harshe a waje. Na koma ɗaki da sanɗa don kar in kore ta.

Ta dawo zane, alhamdulillahi. Amma da yamman nan ta zo ta tsaya a ƙofar kicin, ta roƙe ni in sayo mata abin goge fensir. Yarinyar da ba ta taɓa goge layi ɗaya ba tun da ta fara riƙe fensir. Yanzu takan goge har takarda ta huje, kuma duk wanda ta gama sai ta kawo min ta tambaya, "Da-daidai ne?" Ina ce mata daidai ne. Wani lokaci ta yarda, wani lokaci ta koma ta ƙara gogewa. Muna nan muna fama.

Saboda haka ke da kike karanta wannan, in kika ga sanarwa an ce a kawo aikin yara za a nuna wa jama'a, ki kai, ban hana ki ba. Amma kar ki ajiye a kan sauran ki juya. Ki tambayi hannun wa zai bi kafin ya hau bango. In da hali ki manna shi da kanki, ki tsaya a wurin har a buɗe ƙofa. In kuwa kika ji wani ya ce "ɗan gyara kawai za a yi," ko yayar mijinki ce, ki karɓe abinki, ki kama hannun ɗanki, ku koma gida.